Daga Kogin Potomak Zuwa Baltimo, a Kan Sawun Tsagar da Ke Raba Jirgi Biyu

Aikina duba walda ne. Idan masu walda sun gama haɗa bututun mai ko na iskar gas, mu ake kira mu ɗauki hoton cikin haɗin kafin a binne, mu ce wannan ya yi, wancan a yanke a sake. Duk wanda ya daɗe a sana'ar ya saba cin karo da wasu sunaye a littattafan ƙa'ida, irin su Mehl da Irwin da Pellini, kuma in ya bi salsalarsu sai ya tarar duk a wuri ɗaya suka yi aiki: Cibiyar Bincike ta Rundunar Sojan Ruwan Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da NRL, a kudancin birnin Washinton. Shi ya sa da wani kwas ya kai ni Amurka na sauka gidan kawuna a jihar Merilan, abin da na fara roƙonsa shi ne ya kai ni in ga wurin.

Kawu ya daɗe yana tuƙin tasi a birnin, babu lungun da bai sani ba. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, jama'a suna zuwa su ce a kai su fadar shugaban ƙasa, kai ka ce barikin soja? Ai ko ni da ke da fasfonsu ba a barina in shiga sai da dalili." Gaskiyarsa kuwa. Baƙo ɗan wata ƙasa ba ya shiga sai wani na ciki ya gayyace shi, an kuma yi takardu tun da wuri, ni ko ba ni da kowa a ciki. Sai ya ce in kwantar da hankalina, abin da ƙofa ta hana, kogi zai nuna mana.

Muka hau jirgin fito daga gaɓar da ake kira Wharf, wanda ke ɗaukar mutane zuwa tsohon garin Alekzandiriya da ke jihar Bajiniya. Yawancin fasinjojin 'yan yawon buɗe ido ne, hankalinsu na kan jiragen sama da ke sauka filin jirgin Reagan, waɗanda ke bi ta saman ruwan ƙasa-ƙasa har mutum yana karanta rubutun jikinsu. Ni kuwa tun da muka wuce wani siririn ƙoƙon ƙasa mai ciyawa da ake kira Hains Point na miƙe tsaye, domin a daidai wannan mashiga aka yi abin da ya haifi rada a Amurka. A watan Satumba na 1922 wasu ma'aikatan rediyo na rundunar su biyu, Albert Hoyt Taylor da Leo Young, suna gwajin aika saƙo daga tashar Anakostiya zuwa wannan tsallaken, sai suka ji sautin ya rikice. Da suka ɗaga kai sai ga wani jirgin katako mai suna Dorchester yana ratsawa tsakanin na'urar aikawa da ta karɓa. Suka rubuta wa manya cewa da wannan za a iya gane jirgin abokan gaba cikin duhu ko hazo. Manya ba su ɗauka ba a lokacin. Sai bayan shekaru, a cibiyar da nake shirin hangowa, Robert Page ya haɗa na'urar da ke cilla igiyar rediyo gutsure-gutsure tana sauraron dawowarta, a 1934, kuma a ƙarshen 1938 aka ɗora irinta a kan jirgin yaƙi mai suna New York.

Can gaba kaɗan a hannun hagu, bayan an wuce sansanin Bolling, Kawu ya nuna da haɓa ya ce, "To ga mutanenka nan." Wanda bai sani ba zai ɗauka tsohuwar masana'anta ce: gine-gine masu faɗi ba tsayi, bututan hayaƙi, eriya iri-iri a kan rufi. Abin da ke fallasa ta shi ne wani babban faifai a saman ɗaya daga cikin gine-ginen, faɗinsa mita 15, wanda aka kafa a farkon shekarun 1950 don sauraron igiyoyin rediyo da ke zuwa daga rana da taurari. Maƙwabciyarta ta kudu kuwa matatar ruwan masai ce ta birnin, wadda Kawu ya tabbatar mini cewa idan iska ta juyo ba a buƙatar a nuna wa mutum ita.

Shahararren mai ƙirƙirar nan Thomas Edison ne ya fara kawo maganar kafa wurin, a wata hira da jarida a 1915, lokacin da yaƙi ke ci a Turai. Ya ce gwamnati ta gina babban ɗakin bincike maimakon ta yi ta tara makaman da za su tsufa a rumbu. Majalisa ta ware dala miliyan 1.5 a 1916, shigar Amurka yaƙin ya jinkirta aikin, ba a buɗe ba sai 2 ga Yuli, 1923, da sassa biyu kacal, na rediyo da na sauti a ƙarƙashin ruwa. Abubuwan da suka fito daga nan daga baya suna da yawa, kuma waɗanda aka fi yayatawa ba su ne suka kawo ni ba. Tauraron ɗan'adam Vanguard 1 da aka harba ranar 17 ga Maris, 1958, nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, har yau yana kewaya duniya, babu wani abin da ɗan'adam ya ƙera da ya fi shi daɗewa a sama. Gwajin sanya agogo mai tsananin daidaito a tauraro, wanda Roger Easton ya jagoranta a shekarun 1960, yana cikin tubalan GPS ɗin da Kawu ke bi da shi yana neman fasinja. A nan ne kuma Jerome Karle ya yi aikin lissafin gano yadda ƙwayoyin zarra suke jere a cikin abu, wanda ya ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1985 tare da Herbert Hauptman. Matarsa Isabella, wadda ita ma a nan take aiki, ita ta mai da lissafin nan hanyar da ake iya amfani da ita a ɗakin gwaji, amma ba a sa sunanta ba. A ganina an ci mata haƙƙi.

Nawa rabon daga wannan gaɓa ya fi waɗannan ƙanƙanta a ido. Wajen 1930 wani masanin ƙarfe mai suna Robert Mehl, wanda ke shugabantar sashen ƙarafa na cibiyar, ya nuna cewa hasken gama da ke fita daga sinadarin radiyam yana ratsa ƙarfe mai kauri ya bar inuwar cikinsa a kan fim. Inda akwai rami ko kumfar iska ko tsaga, haske ya fi wucewa, fim ya fi baƙi. Da wannan aka duba manyan sassan zubi na bayan wasu sabbin jiragen yaƙi aka tarar da lahani a cikinsu. Yau mun bar radiyam, iridiyam muke ɗauka a cikin tukunyar da ke tare haskensa, mu naɗe fim a jikin bututu, mu ja da baya da nisa, mu murza. Amma dabarar ita ce dai ta Mehl, ko a dajin Kogi ko a hanyar Kaduna.

Kafin mu kai Alekzandiriya Kawu ya tambaye ni ko duk abin da suka ƙirƙiro alheri ne. Na ce masa a'a, na nuna masa filin jirgin da ke hannun dama. Kumfar da motocin kashe gobara na filayen jirgi suka daɗe suna fesa wa wutar mai, a wannan cibiya aka haɗa ta a farkon shekarun 1960. Tana shimfiɗa siririn ruwa a saman man, ta hana tururinsa tashi, wuta ta mutu da sauri. Bayan gobarar jirgin Forrestal a watan Yuli na 1967, wadda ta kashe mutum 134, rundunar ta baza ta a jiragenta, kuma ta ceci rayuka ba kaɗan ba. Sai dai sinadaran fulorin da ke cikinta ba sa ruɓewa. Sun bi ƙasa sun shiga rijiyoyi da ruwan sha a kewayen sansanoni da dama, har a ƙarshen 2019 majalisa ta umurci sojoji su daina amfani da ita a doron ƙasa. A cikin jiragen ruwa dai an bar ta. Masu binciken wannan cibiyar na cikin waɗanda aka ɗora wa neman madadinta.

Washegari muka kama hanyar Baltimo, tafiyar kamar awa ɗaya ta arewa. A can ne jirgin da ya fi jan hankalina yake ɗaure, John W. Brown, ɗaya daga cikin biyu da suka rage suna iya tafiya a cikin jiragen dakon kaya na yaƙin duniya na biyu da ake kira Liberty. An ƙera 2,710 tsakanin 1941 da 1945. Jamus tana nutsar da jiragen da ke kai wa Ingila abinci da makamai, sai Amurka ta yanke shawarar ta ƙera fiye da abin da za a iya nutsarwa. Don a yi sauri aka bar tsohuwar hanyar haɗa faranti da ƙusoshin da ake dasawa da zafi, aka koma walda, aka ɗebi dubban mutane, mata da yawa a cikinsu, aka koya musu riƙe sandar walda cikin makonni. Akwai jirgin da aka haɗa cikin kwana huɗu da 'yan awoyi a Kalifoniya a watan Nuwamba na 1942, don a nuna wa duniya.

Daga ƙasa jirgin ya fi yadda nake zato girma, tsawonsa kusan mita 135, an shafe shi da fenti ruwan toka. Tsofaffi 'yan sa-kai ne ke kula da shi. Wanda ya zaga da mu dattijo ne mai rawar hannu, da ya ji sana'ata sai ya bar sauran bayanin bindigogi ya ja ni wajen bakin ramin lodi. Can nake son zuwa dama.

Dalilin kuwa shi ne, jiragen nan sun riƙa tsagewa. Ranar 16 ga Janairu, 1943, wata sabuwar tankar mai mai suna Schenectady, wadda aka ƙera da walda kamar su, tana ɗaure a gaɓar Fotlan ta jihar Oregon, ruwa kwance ba igiya, sai aka ji ƙara kamar ta igwa. Jirgin ya tsage daga sama ya gangaro gefe biyu kusan har ƙasa, tsakiyarsa ta ɗago, gaba da baya suka zauna. Ba abokin gaba, ba hadari. A cikin shekarun yaƙin an samu manyan tsagogi kusan 1,500 a jiragen walda, uku daga cikin Liberty suka rabe biyu ba gargaɗi, ciki har da John P. Gaines da ya karye a ruwan Alaska a watan Nuwamba na 1943, mutum 10 suka rasu. Nan da nan aka ɗora wa masu walda laifi, aka ce sababbin hannu ne. Wannan bai ba ni mamaki ba. Har gobe in abu ya fashe mai walda ake fara nema, ba wanda ya sayo ƙarfen ba.

An samu walda marar kyau, ba a musu. Amma wata masaniya a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Constance Tipper, ta nuna cewa tushen matsalar a ƙarfen yake. Baƙin ƙarfe irin wannan yana da hali biyu. Da ɗumi, in an matsa masa sai ya lanƙwasa, ya miƙe, ya ba da alama kafin ya karye. In sanyi ya sauko ƙasa da wani mataki sai ya yi gautsi, ya fashe farat ɗaya ba tare da ya lanƙwasa ba. Ƙarfen jiragen nan matakinsa yana sama, ruwan arewacin Atilantika kuwa yana ƙasa da shi. Daren da Schenectady ta karye ruwan bai wuce digiri 4 a ma'aunin Salshiyas ba. A tsohon jirgi mai ƙusoshi, in tsaga ta taso a faranti ɗaya tana zuwa bakinsa sai ta tsaya, domin na gaba wani ƙarfe ne daban. A jirgin walda kuwa duk gangar jikin ta zama abu ɗaya, tsaga ba ta da inda za ta huta.

Dattijon ya durƙusa da ƙyar ya ɗora tafinsa a kusurwar bakin ramin. Daga irin wannan wuri yawancin tsagogin suka faro. An zana ramin lodin da kusurwa mai kaifi a zanen farko, nauyin da ke bin benen jirgi kuwa in ya zo kusurwa sai ya taru a wuri ɗaya. Maganin da aka yi cikin gaggawa shi ne a ƙarfafa kusurwoyin a zagaye su, a kuma yanka dogon layi a jikin wasu jiragen da gangan a rufe shi da faranti mai ƙusoshi, don in tsaga ta iso nan ta mutu. Da muka sauko ya nuna mini gefen jirgin, sai na ga layukan kawunan ƙusa a jere, fenti ya yi musu kauri. Masana'antar Baltimo da ta ƙera wannan jirgi a 1942 ba ta saki ƙusa gaba ɗaya ba. Na shafa su da hannu. Kawu yana gefe yana dariya, wai ya kawo ni Amurka ina shafa ƙarfe mai tsatsa.

To a nan ne mutanen gaɓar Potomak suka shigo. Tipper ta faɗi abin da ke faruwa, amma injiniya yana son lamba: wane sanyi, wace tsaga, wane nauyi? William Pellini ya fito da gwajin da ya burge ni saboda sauƙinsa, a farkon shekarun 1950. Za a yanko guntun faranti, a ɗiga masa ɗan layin walda mai gautsi a tsakiya, a ɗan tsaga layin, a sanyaya farantin zuwa matakin da ake so, a kife shi a kan madogara biyu, a saki nauyi daga sama. Waldar za ta fashe tabbas, don haka aka sa ta. Tambayar ita ce ko farantin zai tare tsagar ko zai bar ta ta ratsa shi. Ana ta maimaitawa ana sauya sanyi har a gano matakin da ƙarfen ya daina tarewa. Gwajin yana nan cikin ƙa'idojin ASTM, ƙungiyar da ke tsara ma'aunan gwajin kayan aiki, da lamba E208, kuma da shi ake tantance ƙarfen tukunyar tashar nukiliya.

George Irwin kuwa, wanda ya yi shekara 30 a cibiyar daga 1937, ta lissafi ya ɓullo wa abin. Wani Bature ɗan Ingila, A. A. Griffith, ya riga ya nuna a 1921 cewa gilashi yana fashewa ne daga ƙananan tsagogin da ido ba ya gani. Lissafinsa ya yi daidai a gilashi, bai yi a ƙarfe ba, domin ƙarfe yana lanƙwasa a bakin tsagar ya shanye ƙarfi mai yawa. Irwin ya shigar da wannan cikin lissafin, sannan a 1957 ya fito da ma'auni guda da ke faɗin irin matsin da ke taruwa a kan bakin tsaga, wanda ake rubutawa da harafin K. Kowane ƙarfe yana da iyakar K da yake iya jurewa, kuma ana auna ta a ɗakin gwaji. Abin da ke cikin lissafin ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa sayen yadi a Kantin Kwari: mai shago ba ya iya yaga yadi da hannu sai ya ɗan ciza bakinsa da almakashi, daga nan ja ɗaya ya isa. Abin da Irwin ya ƙara shi ne adadi. In tsawon tsaga ya ninka huɗu, nauyin da abin zai iya ɗauka ya ragu zuwa rabi.

Wannan ya sauya yadda ake tunani gaba ɗaya. Da can ana zana gada ko jirgi kamar ƙarfen ba shi da aibi, sai a ƙara kauri don kariya. Bayan Irwin sai aka yarda cewa aibi yana nan, ko an gan shi ko ba a gani ba, aikin shi ne a san girman da ba zai cutar ba, da kuma tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya kai girman da zai cutar. Daga nan ake tsara yaushe za a kwance jirgin sama a duba fikafikansa. Daga nan kuma aka samo irin teburin da ke aljihuna a bakin aiki, mai cewa kumfa mai girma kaza a wuce ta, tsaga kuwa komai ƙanƙantarta a yanke. Masu kwangila sukan ɗauka mugunta ce in na ƙi haɗin da ya yi kyau a ido, musamman in an ce musu lahanin bai kai tsawon farce ba. Mu sanyi bai dame mu ba kamar masu tuƙi a Alaska, ƙarfen yanzu ma an gyara haɗinsa, an ƙara manganis an rage kabon. Amma tsaga ba sanyi kaɗai ke tsawaita ta ba. Tankar da ke faɗawa ramukan hanya tana girgiza, bututun da matsinsa ke hawa da sauka, tsatsa da ke ci a ɓoye, duk suna ƙara mata tsawo a hankali.

Muka ƙarasa da ɗakin inji, ana sauka ta matakalar ƙarfe mai santsin mai. Injin tururi ne mai tukwane uku, tururin ya fita daga ƙarama ya shiga matsakaiciya ya ƙare a babba, ƙarfinsa na doki 2,500, yana tura jirgin kamar kilomita 20 a awa. Ko a 1942 tsohon yayi ne, an zaɓe shi ne don kowace masana'anta tana iya ƙera shi, kowane makanike kuma yana iya gyara shi. Har yanzu suna hura shi su fita da fasinjoji mashigin Chesapeake lokaci-lokaci. Bayan yaƙi jirgin ya yi shekaru fiye da 30 a Niyok a matsayin makarantar koyon aikin ruwa, abin da ya hana a yanka shi a sayar da ƙarfensa ke nan.

Na tambayi dattijon ko tsaga na ba su wahala. Ya ce abin da ya fi cin kuɗinsu ƙusoshin nan ne da na shafa, domin kawunansu na cinyewa a ƙarƙashin ruwa, kuma duk lokacin da aka ɗaga jirgin a duba sai an sauya wasu, ga shi masu iya dasa ƙusa da zafi sun yi ƙaranci. Kawu ya ce, "Ka ji ko? Da ka koyi wannan da ka samu aiki a nan." Na ce, "Kawu, ai sa-kai suke yi, ba albashi." Ya ce to in haka ne mu tafi, la'asar ta yi, kuma mitar da ya ajiye mota tana ci.